A mayar wa Kirista addu'arsa

Duk wanda ya saba kallon wa'azi a talabijin ko a Facebook ya san tsarin. Ana cikin waƙa mai ratsa zuciya, mai wa'azi ya rufe ido ya ce akwai wata mata da ta daɗe tana neman haihuwa, akwai wani saurayi da aiki ya gagare shi, sai lambar asusun banki ta bayyana a ƙasan allo. A ce ka shuka iri, kuma gwargwadon irin da ka shuka gwargwadon girbinka. Daga nan a fito da kwalaben shafaffen mai, da ruwa, da ƙyallaye, kowanne da farashinsa. A wasu wuraren ma ganin bawan Allah ido da ido sai an sayi kati.

Mutane sun fi kuka da kuɗin da ake kwashewa, kuma suna da gaskiya. Ni dai abin da ya fi ci mini rai shi ne addu'ar da aka ƙwace daga bakin Kirista. An koya masa a hankali cewa muryarsa ba ta kaiwa sama sai ta bi ta hannun wani. Za ka ga mutum ya yi shekaru a ikilisiya, amma in ɗansa ya kwanta ciwo da tsakar dare, wayarsa yake fara lalubawa ya nemi lambar annabi, bai ko yi tunanin durƙusawa a gefen gadon ba.

Wannan ciwo tsoho ne. A Samariya, Siman mai sihiri ya ga ana karɓar Ruhu Mai Tsarki ta wurin ɗora hannun manzanni, sai ya miƙa kuɗi a sayar masa da wannan iko. Bitrus ya ce masa kuɗinsa su hallaka tare da shi, tun da ya zaci baiwar Allah da kuɗi ake samun ta. Annabi Elisha ya ƙi karɓar ko ƙwayar azurfa daga hannun Na'aman bayan ya warke daga kuturta, amma baransa Gehazi ya bi shi a guje ya karɓa da ƙarya, kuturtar kuwa ta koma kansa. A shekarar 1517, lokacin da Johann Tetzel yake yawo a Jamus yana sayar da takardun sassauta hukuncin zunubi don a tara kuɗin ginin majami'ar Bitrus a Roma, Martin Luther ya rubuta batutuwansa 95 a Wittenberg yana adawa da wannan ciniki, abin da ya zama mafarin gyaran ikilisiya. Abin kunya ne a ce jikokin wannan gyara ne yau suka fi kowa iya tallar albarka. A 1987 Oral Roberts, wanda ya yaɗa koyarwar shuka iri a Amurka, ya gaya wa masu kallonsa cewa Allah zai ɗauki ransa in ba a tara masa dala miliyan 8 ba. An kuwa tara.

Akwai wani abu a labarin korar 'yan kasuwa daga Haikali da ba a cika tsayawa a kansa ba. Masu canjin kuɗi da masu sayar da kurciyoyi suna da hujja: baƙi na zuwa daga nesa, suna bukatar dabbar hadaya da kuɗin harajin Haikali. Sai dai an kafa kasuwar ce a farfajiyar waje, wurin da shi kaɗai aka yarda wa wanda ba Bayahude ba ya tsaya ya yi addu'a. Ka yi tunanin mutumin da ya taso daga wata ƙasa don ya nemi Allah, ya iso ya tarar da kukan tumaki da ciniki da ƙarar tsabar kuɗi. Shi ya sa a Markus 11 Yesu ya kawo maganar Ishaya cewa gidan nan gidan addu'a ne domin dukan al'ummai. Wanda kasuwa take fara kora daga gaban Allah shi ne na gefe, marar galihu. Haka yake har yau: gwauruwar da ba ta da abin shukawa tana zaune a bencin baya tana jin cewa talaucinta shaida ce ta ƙarancin bangaskiyarta.

Za a ce, to, coci ba ta bukatar kuɗi ne? Tana bukata. Bulus da kansa ya ce masu shelar bishara su ci abinci ta wurin bishara, ko da yake shi ya zaɓi ɗinkin tanti a Koranti don kada ya nauyaya wa kowa. Baiko da zakka sujada ne idan an bayar da farin ciki, kuma fasto mai kiwon garke da aminci ya cancanci a riƙe shi da iyalinsa da mutunci. Da yawansu ma cikin rashi suke hidima, ba wanda ya san sunansu. Layin da nake cewa kada a tsallake a fili yake: kada a ɗaura amsar addu'a a kan adadin kuɗi. Da zarar an yi haka, mai wa'azi ya zama dillali, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Bakin da ya dogara ga aljihun attajiri ba zai iya tsawata masa a kan zalunci ba.

Amma laifi tudu ne. Mu ma da muke zaune a benci muna son cinikin, domin ya fi sauƙi. Biyan kuɗi a yi maka azumi ya fi tuba sauƙi. Sayen kwalbar mai ya fi zuwa neman gafarar ɗan'uwan da ka cuta sauƙi. Muna son tabbacin cewa abin da muka roƙa dole a ba mu, alhali Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa aka ce masa alheri ya ishe shi, Yesu kuma a Gatsemani ya ƙare roƙonsa da cewa nufin Uba za a yi. Ba mai talla da zai iya sayar da irin wannan addu'a, domin ba ta alkawarin riba.

Gyaran zai fara daga inda Matiyu 6 ya nuna: ka shiga ɗaki, ka rufe ƙofa, ka yi magana da Ubanka ba tare da tarin surutu ba. Wanda bai san me zai ce ba ya buɗe Zabura, guda 150 ne, akwai na kuka, na tuba, na godiya, har da na wanda yake ji kamar Allah ya manta da shi. Hannatu a Shilo leɓunanta kawai suke motsi, har Eli ya zaci ta bugu, kuma an ji ta. Iyaye su bar yara su yi addu'a da bakinsu a gida, ko da kalmomin sun karkace.

Sauran aikin na dattawan ikilisiya ne. A raba lokacin baiko da lokacin yi wa marasa lafiya addu'a, kada ɗaya ya zama ƙofar ɗaya. A daina kiran sunayen masu bayarwa da adadin abin da suka bayar daga kan mumbari. A karanta wa 'yan'uwa rahoton kuɗi dalla-dalla, har da abin da aka kashe wa gwauraye da marayu. A bar ɗan shiru a cikin sujada, kada kiɗa ya cika kowane gurbi. Baƙon mai wa'azi kuma da ya gindaya sharaɗin kuɗi kafin ya hau mumbari, a gode masa, a nemi wani.