Arziki Ya Leƙo Ya Koma

Ƙanina ne ya ja mini. Shi ya turo mini labarin a waya da tsakar dare, wai a shekarar 2021 an yi gwanjon wani kan sarki ƙwaya ɗaya tal a birnin New York, aka saye shi dala miliyan 8.3. An buga shi a 1856 a ƙasar Gayana, lokacin tana hannun Turawan Ingila. Kuɗinsa na asali santi ɗaya ne, kuma duk duniya shi kaɗai ya rage. Na buɗe hoton na ƙura masa ido. Wata 'yar takarda ce ja mai duhu, an datse kusurwoyinta huɗu, rubutun ma sai ka yi da gaske kake gani. Da a ƙofar gida na gan ta, ko sunkuyawa ba zan yi ba. A ƙasan hoton ƙanin nawa ya rubuta: "Yaya, ina adakar Kaka?"

Kakanmu na wajen uwa, Allah ya jiƙansa, akawu ne a Kano zamanin dalar gyaɗa, kuma mutum ne da bai yarda a yar da takarda ba, ko da rasiɗin kananzir ne. Adakarsa ta ƙarfe tana ƙarƙashin gadon Hajiya tun ba a haife ni ba, ba mai buɗe ta. Gari na wayewa na je gaishe ta. Na tambayi ƙafa, na tambayi baya, na tambayi awaki, har ta gaji ta ce, "Kai, faɗi abin da ya kawo ka, gaisuwar nan ta yi tsawo." Da na faɗa, ta ce in kwashi takardun amma in bar mata adakarta. Ta sa na fita tsakar gida tukuna, wai za ta kimtsa, can ta kira ni na juye su a buhu.

Abin da ke ciki ya isa kallo. Ambulan ne tuli, daga Ikko, daga Jos, wasu daga Kumasi inda ƙanin Kaka yake fataucin goro, da Gold Coast rubuce a jikin kan sarkin, tun ƙasar ba ta zama Gana ba. Mafi yawansu jerin 1953 ne na zamanin Sarauniya Elizabeth: na kwabo mai mahayan dawakin Barno, na ahu mai gyaɗa, na taro mai gadar Jebba. Ga guda biyun nan da aka fitar a 1959 don murnar mulkin kai na Jihar Arewa, na taro mai ginin majalisa na Lugard Hall da ke Kaduna, da na sule mai babban Masallacin Kano. Ga falle-falle na bikin samun 'yancin kai na 1960 da ba a taɓa manna su ba, gam ɗin bayansu yana ƙyalli. Sai wasu 'yan ƙalilan a jikin guntayen takarda, masu kan wani Bature mai sanƙo da gemu, Sarki Edward na Bakwai, an rubuta Northern Nigeria a samansu. Waɗannan su suka ƙarasa ni. Na karanta cewa a 1904 an buga wani irinsu na fam 25 wanda masu tara kan sarki ke nema ruwa a jallo. Nawa na rabin kwabo ne da na kwabo, amma na ce ai gida ɗaya suka fito.

Kafin la'asar uwargida ta gama kasafi: firiza, sola, Umara ga Hajiya. Ƙanina ya bugo ya tuna mini cewa shi ma jika ne.

To, dukiya irin wannan ba a barin ta a buhu. A intanet na ga ana jiƙa kan sarki a ruwa ya rabu da ambulan, kuma gaskiya ne ana yi. Sai dai wanda ya rubuta bai ce ruwan ya zama mai ɗan ɗumi kawai ba, bai kuma ce akwai waɗanda ba a kai su kusa da ruwa ba. Ni kuwa mutum ne mai son aiki ya yi sauri. Na ɗauko robar wanki, na juye ruwan fulas, na zuba komai a ciki, har da Sarki Edward. Ashe da gangan Turawan suka buga irin nasa da tawada mai narkewa, don kada wani ya wanke hatimin gidan waya ya sake amfani da shi. Dabarar da aka ƙulla don ɓarayi sama da shekara ɗari ita ta zo ta kama ni. Ina tsaye ruwan ya fara komawa kamar an jiƙa zoɓo. Na tsamo Sarki, gemun na nan, amma mutumin ya yi fari fat, sai ka ce an gaya masa mummunan labari.

Sauran na shanya su a tabarma a tsakar gida, na jera layi-layi, na shiga sallah. Ina raka'a ta biyu na ji uwargida tana "Kuss! Kuss!" Na sallame na tarar da kajin maƙwabta sun buɗe kasuwa. Zakaran da gadar Jebba a bakinsa. Na bi shi da hula a hannu har bayan gida, muka zaga rijiya, ya tsaya ya dube ni da ido ɗaya, ya haɗiye. Yaran gida suna ta dariya har da faɗuwa. Ambulan ɗin kuwa da suka zama dagwalo, da suka bushe aka hura gawayi da su.

Daga nan na ce sai tsaro na zamani. Duk takardar da muke ji da ita a ƙasar nan, daga shaidar haihuwa zuwa ta kammala makaranta, laminatin ake yi mata. Na zaɓi mafi kyau na kai wani shagon kwafin takardu. Yaron ya juya su a tafin hannunsa mai maiƙon fanke, ya ce, "Oga, kwantar da hankalinka, ko a kogi suka faɗa ba abin da zai same su." Na ji daɗin maganar har na bar masa canji. Injin ya haɗiye Masallacin Kano, ya fito da shi da zafinsa, sumul, yana walƙiya.

Aka yi mini firam mai gilashi da bakin zinariya. Waɗanda ba su samu laminatin ba na kafe su da salatif a kan farin kwali. Na rataye a falo daidai taga, wurin da hasken safe ke sauka, don duk wanda ya shigo ya san gidan wa ya zo. Baƙi sun yi ta kallo kuwa. Wani kawuna ya daɗe a tsaye gabansa, sannan ya tambaye ni wane malami ne ya ba ni, kuma na maganin mene ne.

Falle-fallen 1960 su na fi ji da su, saboda haka su na fi ɓoyewa. Na haɗa su wuri ɗaya, na sa a leda, na ɗaure bakin tam, na cusa ƙarƙashin katifa ta ɓangaren bango, na riƙa kwana a kansu. Haka muka ci daminar, har watan Agusta mai marka ya zo ya wuce.

Da kaka ta yi aka haɗa ni da wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin gidan waya, wanda ya daɗe yana tara kan sarki. Na sa babbar riga, na saɓi firam, na ɗauki ledata. Ɗakinsa na fara kallo. Kundayensa a tsaye suke a kan kanta, ba a kwance ba, wai nauyi yana sa su manne. An janye kantar daga jikin bango saboda danshi, taga da labule mai kauri. A kowane lungu ya ajiye 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, waɗanda ni a gidana nake hana yara wasa da su in watsar. Kowane kan sarki yana cikin ɗan aljihunsa na roba mai haske, ba gam, ba salatif. Ba ya taɓa su da yatsa, sai da wani ɗan hantsaki mai faɗin baki, wai gumin hannu yana barin tabo. Ya ce abin da yake ratayewa a bango kwafi ne, na ainihin a duhu suke kwana.

Ya sa tabarau, ya ɗauko gilashin ƙara girma, ya dubi firam ɗina. A nan na lura launin ya koɗe, dawakin Barno sun zama inuwa, salatif ɗin ya yi rawaya ya ratsa takardar. Ya ƙwanƙwasa Masallacin Kano da farce, ya ji ƙarar roba.

"Ɗana, wa ya yi maka wannan?"

Na ce, "Baba, wani yaro ne a kasuwa."

"Kai ka kai masa?"

Na ce zancen yana da tsawo. Ya ce laminatin ba ya ɓaruwa, robar ta narke ta shiga jikin takardar, duk mai saye yana gani zai juya. Na miƙa ledar da sauran ƙarfin gwiwata. Ya kwance, ya sa hantsaki, sai ga abu ya taso gaba ɗaya, dunƙule guda mai tauri, da ɗige-ɗigen fumfuna a gefe. Danshi ya tayar da gam ɗin, nauyina ya ƙarasa aikin. Ya juya shi, ya sake juyawa, ya ce, "Kilo nawa kake?"

Bai bar ni haka ba, ya ba ni ruwa na sha. Ya ce in daina jimamin miliyoyi, don jerin 1953 an buga su da yawan gaske, ko lafiyarsu ƙalau ba za su sayi firiza ba, watakila dai ƙanƙara. Har na fara samun sauƙi, sai ya tambaye ni ina ambulan ɗin. Ya ce ambulan cikakke, da hatimin Kumasi ko na wani ƙaramin gidan waya, da kwanan wata da adireshi, shi masu tarawa suka fi so, sau da yawa ya fi kan sarkin da aka ɓare daraja nesa ba kusa ba. Na tuna tuwon da aka dafa da wutarsu. Na ce masa sun yi amfani a gida.

Ƙanina har yau bai yarda ba, yana ganin na sayar na ɓoye kuɗin. Uwargida kuma duk ranar da aka ɗauke wuta sai ta dubi firam ta ce, "Baban yara, a kunna solar mana."

Da na kai wa Hajiya rahoto ba ta ce komai ba. Ta miƙa hannu ƙarƙashin gado ta jawo adaka, ta ɗaga wani tsohon zane. Ga damin ambulan ɗaure da zare, wasiƙun Kumasi da ta ware ranar da ta kore ni tsakar gida, kowanne da kan sarkinsa da hatiminsa, launinsu raɗau. Na kai hannu, ta buge shi da mafici.

Na roƙe ta ko dattijon nan zai zo ya duba. Ta ce ya zo ranar Juma'a bayan an sauko, za a shimfiɗa masa darduma, a dama masa fura.

"Ni fa, Hajiya?"

"Kai ka tsaya a zaure ka tsare masa takalmi."