Ragunan Karnak a dandalin Tahrir

Wallahi labarin yadda aka ƙawata dandalin Tahrir na Alƙahira da kayan tarihi ya taɓa ni, don a Alƙahira na yi karatu, kullum ta nan nake bi in zan shiga metro a tashar Sadat. Dogon ginshiƙin Fir'auna Ramses na 2 da suka ɗauko daga garin San el-Hagar ba laifi gaskiya, yana kyau da daddare in an kunna fitilu. Amma gumakan ragunan nan huɗu masu jikin zaki da aka ciro daga haikalin Karnak da ke Luxor a 2020 su ne ke damuna, dutse ne mai yashi-yashi, sama da shekara 3000 yana zaune a busasshiyar iskar Luxor, yanzu kuma an dasa shi tsakiyar shataletale yana shan hayaƙin bas da tasi dare da rana, masanan tarihin Masar sun yi ta magana ba wanda ya saurare su. Da na koma bara ko matsawa kusa ban samu ba, masu gadi ko'ina. Shi kuwa mutum-mutumin Umar Makram, wanda ya ja mutanen gari suka yi wa Faransawa bore a 1800, yana can gefe kusa da masallaci, shi kam nan ne ya dace da shi. Don Allah a mayar da ragunan Luxor.