Bishiyoyin Baba sun san aikinsu

Abokina ne ya ja ni, wai mu je mu buga golf na faifai a filin wani dattijo da ya mayar da gonarsa wurin wasa. Babu sanda, babu ƙwallo, in ji shi. Faifan roba za ka yi ta wurgawa har ya faɗa cikin kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi, wanda jifansa ya fi ƙaranci shi ya ci. Na ce in dai jifa ne, ai ka kira gwaninta.

A bakin shiga akwai akwatin da kowa ke jefa kuɗinsa da kansa, mai filin kuma yana zaune a inuwa yana kallon masu zuwa. Ko tambayarsa ba mu yi ba ya kwaso mana tarihi: Ed Headrick ne ya tsara filin farko a Kalifoniya ta Amurka a 1975, shi ne kuma ya ƙirƙiro kwandon mai sarƙa. "Shi ya ƙera kwando, ɗana," ya ce da ni, "amma guda 18 ɗin nan ni na zaɓi inda kowanne zai tsaya." Ya yi wani murmushi wanda bai kwanta mini ba.

Abokina ya ara mini faifai uku: mai siririn baki na nesa, matsakaici, da mai kaurin baki na kusa da kwando. Muka nausa cikin kurmi.

Hanyar da aka ce in bi da faifan, ko mota ba za ta wuce ba. Na ja baya, na tattaro duk ƙarfina na saki. Ƙwas! Bishiyar farko ta tare shi, ta maido mini da abina har bayan inda nake tsaye. A dokar wasan, wanda ya fi nisa da kwando shi ke sake jifa, don haka na sake, na kuma sakewa, sauran 'yan wasan suna tsaye sun harɗe hannu. Wani a cikinsu har ya samu kututture ya zauna.

Sai da na gama zufa abokina ya tuna ya gaya mini cewa mai jifa da hannun dama, in ya saki faifai ta bayan hannu, yana rage gudu zai karkata hagu. Kwandon kuwa Baba ya kafa shi can dama, a bayan wata ƙatuwar bishiya. Akwai ma wadda aka liƙa wa kibiya, dole faifanka ya bi ta gefen da ta nuna. Nawa ya bi ta ɗaya gefen da saurinsa, ya shige cikin ƙaya.

Minti 3 doka ta ba da a nemi faifan da ya ɓata. Na shiga da rarrafe, ƙaya ta riƙe mini riga ta baya, ta gaba ta cire mini hula. Na fito da faifai biyu, kowanne da sunan mai shi da lambar waya a ƙasansa, babu nawa a ciki. Wallahi na ji sanyi a raina, ashe ina da magabata.

Da muka fito fili, ciyawa shimfiɗe, babu ko reshe, na ce to yanzu za a san waye ni. Na zaro mai siririn bakin na wurga. Ya tashi gwanin sha'awa, har na fara juyowa in karɓi yabo, sai iska ta shiga ƙarƙashinsa. Ya yi sama kamar shirwa ta hango ɗan tsako, ya kife, ya sauka a kan bakinsa, ya kama gangare yana mirginawa. Muna tsaye muna kallo ya yi ta tafiya, ba gaggawa, har cikin tafkin da ke can ƙasa. Cuɓul. Aka ci ni tara, aka ƙara mini jifa ɗaya. Bishiya ko ba komai tana maido maka da kayanka.

Na kusa da kwando ma bai bar ni ba. Cikin mita 10 ba a yarda ka taka gaba bayan ka saki ba, don haka na ƙame a ƙafa ɗaya ina lilo, sarƙoƙi suka yi ƙara mai daɗi, faifan ya leƙa ciki ya fito abinsa.

Muna dawowa Baba ya dubi rigata ya ce, "Ƙayar kwando na bakwai ce ta kama ka, ko?" Na ce, "Ita ce, Baba." Ya gyaɗa kai cike da gamsuwa. Batun tafki kuma ya ce kada in damu, yakan sa a yashe shi lokaci-lokaci, sai ya kira lambar da ke jikin faifan. Lambar abokina ce, faifan kuma shi ne wanda ya fi ji da shi. Tun daga tafki bai ce mini uffan ba.

Har mun kai mota Baba ya ɗaga murya: "Ku dawo wani makon, ɗana! Kwandon na bakwai ya yi sauƙi, zan matsar da shi ciki."