Kayan darasin intanet na 'yan firamare sun ishe mu

Wallahi abin ya kai maƙura. Da yawa daga cikin masu zuba kayan darasin firamare a intanet ba su taɓa buga takardar da suka tsara sun miƙa wa yaro ɗan shekara shida ba. Da sun gwada ko sau ɗaya, da kunya ta hana su sakin ta.

A duba takardar koyon rubutu. An tsara ta da ma'aunin Amurka, milimita 216 a 279, alhali takardar da ke cikin firintar malami A4 ce, 210 a 297. Ko firinta ta matse shafin, ko ta ci gefensa, harafin ƙarshen layi ya tafi. Wannan ma da sauƙi. Abin takaicin shi ne siffar haruffan: sai a sa wa yaro "a" mai rumfa a ka da "g" mai murɗaɗɗiyar jela irin na littafi, waɗanda ba haka ake rubuta su da hannu ba. Yaro ya dage ya kwaikwayi abin da ya gani, malami ya ce ya goge. Babu ɗigon da ke nuna inda fensir zai fara, babu kibiyar da ke nuna inda zai nufa. Haruffa masu ƙugiya kuwa, ɓ da ɗ da ƙ, sai su fito akwatuna, ko a yar da ƙugiyar "ƙasa" ta koma "kasa". A takardar koyon rubutu fa! Malami ya zo gyarawa, ya tarar an ajiye shafin a matsayin hoto, ko harafi ɗaya ba ya taɓuwa.

Darasin zamantakewa ya fi muni. Har yau ana sauke taswirar Afirka da babu Sudan ta Kudu a ciki, ƙasar da ta samu 'yanci tun 2011, ga Swaziland zaune daram bayan ta koma Eswatini a 2018. Taswirar duniya kuma sai a ɗauko tsarin Mercator na 1569, wanda aka yi domin matuƙan jiragen ruwa, yaro ya ga tsibirin Greenland ta kusa kai Afirka girma, alhali Afirka ta ninka ta wajen sau 14. Babu layi ɗaya a jagorar malami da ya yi bayanin haka. An bambanta yankuna da ja da kore kawai. A buga da baƙin tawada, duk su zama toka-toka, tambaya kuma tana cewa a nuna yankin da ke da kore. Me zai hana a yi amfani da ɗigo-ɗigo da zane-zane?

Wasannin koyo da aka gina da Flash, tsohuwar manhajar kunna wasanni da bidiyo a intanet, sun mutu tun ƙarshen 2020, amma har yanzu suna cikin jerin abin da ake biya wa kuɗi. Bidiyon minti biyar ba ya saukuwa, sai dai a kalla kai tsaye, intanet ta tsaya a tsakiya, yara arba'in su ɓarke da surutu, rabin lokacin darasi ya wuce. Ranar da wa'adin rajista ya ƙare, a rufe komai, har darussan da malami ya tsara da kansa ya ajiye a shafin intanet ɗin, ba tare da an ba shi hanyar kwashe su ba.