Sun sayar mana da kwano, sun tsame naman

Kwana shida ke nan da dawowarmu, har yanzu ban huce ba. Shekarata goma sha huɗu a Amurka, na sha wulaƙanci kala-kala, na ofishin lasin, na 'yan inshora, na mai gidan haya. Amma in cire kuɗina, in tuƙa mota awa biyar, in je in karɓi wulaƙanci hannu bibbiyu a gaban 'ya'yana, wannan shi ne karo na farko.

Ku masu yara a ƙasar nan kun san halin da ake ciki. Mu mun tashi da ƙwallon ƙafa ta gaskiya, su sun tashi da ƙwallon Amurka, wannan mai kama da gwanda da ake runguma a ruga da ita. Babban yarona, ɗan shekara goma sha ɗaya, ba shi da zance sai na kwatabak ɗin jami'ar jiharmu, wato jagoran 'yan wasa mai jefa ƙwallo. Rigarsa yake sawa, lambarsa yake rubutawa a bayan littafin makaranta. Tun Satumba na yi masa alkawari in ƙungiyar ta samu wasan Bowl (wato "kwano", wasan ƙarshen kaka da ake gayyatar jami'o'i) zan kai shi ya gan shi ido da ido. Ranar Lahadin da aka fitar da jadawali, a daren na sayi tikiti uku, ni da shi da ƙaninsa, dala 95 kowanne, ban da wani kuɗin hidima da suke maƙalawa a ƙarshe, wanda har yau ina neman hidimar ban gan ta ba.

Kwana uku da saye koci ya tattara komatsansa ya koma inda aka ƙara masa kuɗi, mataimakansa biyu suka rufa masa baya. Sai 'yan wasa suka fara zamewa ɗai-ɗai, kowa ya hau Instagram da wasiƙa iri ɗaya kamar a wajen malami guda suka karɓo: godiya ga Allah, godiya ga iyaye, godiya ga magoya baya, sannan wai bayan dogon nazari ya ga ya fi masa ya shirya wa NFL, babbar gasar ƙwararru, ko ya sauya sheƙa zuwa wata jami'a. Duk na haɗiye, tunda sunan wanda za mu je dominsa yana nan a jeri.

Muka isa cikin wani sanyi mai fasa leɓe. Fakin dala 40 a filin da babu kowa. Muka hau kujerunmu can sama kusa da tsuntsaye, gaba da baya duk wayam, 'yan badujalar jami'o'in biyu sun kusa fin 'yan kallon ɓangarenmu yawa. Ana cikin motsa jini yaron ya zabura, "Baba, ga shi can!" Sai ya yi shiru. "Baba, me ya sa bai sa kwalkwali ba?" Na duba da kyau. Gogan naka yana tsaye a gefen fili cikin rigar sanyi, hannu a aljihu, abin jin kiɗa a kunne, yana dariya da abokansa. Kallo ya zo, kamar mu, sai dai shi bai biya ba.

Na sauko wajen tagar da suka rubuta wai ta kula da 'yan kallo. A saman tagar, wallahi, ga ƙaton hoton kwatabak ɗin nan ya ɗaga ƙwallo zai jefa. A ciki wata yarinya da ba za ta wuce sa'ar 'yar yayana ba, ga na'urar ɗumama ɗaki a gindin ƙafarta, ga cingam, ga waya. Na yi gaisuwa. Ba ta ɗago ba. Na sake. Ta danna maɓallin lasifika da ɗan yatsa ɗaya, idonta na kan waya, ta ce, "Ina ji."

Na ce baiwar Allah, na sayi tikiti uku dala 95-95 don yarana su ga wancan da ke saman kanki, ga shi can ba zai buga ba, kuma yanzun nan na ga ana sayar da kujerun da ke kusa da namu dala 12 a intanet. Ko za a mayar mini da wani abu, in kuma ba hali, a sauko da mu ƙasa tunda kujerun babu kowa.

Sai a lokacin ta ɗago. Ta dube ni, ta dubi hulata, ta dubi yaran. Ta ja cingam ɗin nan ta fasa.

"Yallaɓai, an soke wasan ne?"

Na ce ba a soke ba.

"Akwai ƙungiya biyu a fili?"

Na ce akwai riguna biyu dai.

"Wani ya zauna maka a kujera?"

Na ce wa zai zauna, aljanu?

"To kujera ka saya, yallaɓai. Ba mutum ka saya ba."

Kun ji fa. Kujera na saya. Na baro gida tun asuba, na ƙona mai, na ajiye aikin kwana biyu, don sha'awar kujerar roba mai sanyi kamar ƙanƙara, ni da nake da kujeru har da na alfarma a falona. Na nuna mata hoton da ke saman kanta na ce to wannan fa, me ya sa ba ku sa hoton kujerar ba? Ta ce ba ita ke liƙa hotuna ba. Na ce a kira mini wanda ke liƙawa. Ta ce yana hutun ƙarshen shekara. Madalla, shi ma ya zame.

Sai ta rage murya, ta fara yi mini magana kalma-kalma, irin wadda ake yi wa kurma ko wanda ya sauko daga jirgi jiya. "Wannan... shi ne... karonka na farko... a wasan ƙwallo?" Yarona da aka haifa a ƙasar, wanda Turancinsa ya fi nata, ya sunkuyar da kai. Ta ce kowa ya san haka ake yi a Disamba. Kowa ya sani! Wato laifina ne da na yarda da tallarsu. Ban gama buɗe baki ba ta saki maɓallin, ta leƙa bayana ta cikin gilashi ta ce, "Na gaba!"

Na waiwaya. Babu kowa a bayana. Ko mutum ɗaya. Iska ce kawai ke kaɗa wata takardar burodi a ƙasa.

Ni fa ban ga laifin yaron da ya ƙi bugawa ba, kada a juya mini zance. Ranar 1 ga Janairun 2016 Jaylon Smith na jami'ar Notre Dame ya shiga Fiesta Bowl ana lissafa shi cikin waɗanda NFL za ta fara ɗauka, gwiwarsa ta tarwatse a fili, ya gangaro zagaye na biyu na zaɓen sababbin 'yan wasa, miliyoyin daloli suka bi ruwa. Kafin shekarar ta ƙare Christian McCaffrey ya ƙi buga Sun Bowl, Leonard Fournette ya ƙi Citrus Bowl, aka yi ta zaginsu wai ba su da kishi. Wane kishi? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai shafa wa naka ruwa za ka yi. Ɗana ne ma, haka zan ce masa, zauna abinka.

Masu shirya abin nake magana a kai, waɗanda sun fi kowa sanin gawa suke tallatawa. Shekara nawa ana wannan? A 2023 Florida State ta ci wasa 13 ba a doke ta ba, aka hana ta shiga gasar fitar da zakara, manyan 'yan wasanta suka watse, Georgia ta yi mata 63 da 3 a Orange Bowl. Wannan fa babban kwano ne, ba irin namu na gefen titi ba. A 2024 Marshall ta janye daga Independence Bowl gaba ɗaya saboda kocinta ya tafi, yara sun bi ƙofa, aka rarumo Louisiana Tech mai nasara 5 da faɗuwa 7 ta cike gurbi. A shekarar dai Cam Ward na Miami ya buga rabin farko na Pop-Tarts Bowl ya koma benci, aka doke su da maki ɗaya, amma ban ji an mayar wa kowa rabin kuɗinsa ba. A 2025 Notre Dame da kanta ta ce tunda ba a sa ta cikin goma sha biyun da za su nemi kofi ba, a kai kasuwa, ba ta zuwa ko'ina. Tun da aka faɗaɗa gasar zuwa ƙungiya 12 a 2024, duk sauran wasannin nan sun zama bikin da amarya ta gudu, amma makaɗa suna nan suna karɓar liƙi.

Kuma wasanni wajen arba'in! Nasara shida kacal cikin goma sha biyu, rabi da rabi, shi ke nan ka cancanci biki. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tashar wasanni ta ESPN ce da kanta ta mallaki da yawa daga cikin ƙananan, abin da take so shi ne kada akwatin talabijin ya zauna shiru a ranakun hutu, masu caca su samu abin zuba kuɗi. Ko filin ya cika ko ya zama kufai, kuɗin talla ya shiga. Shi ya sa da ƙwallon ta mutu sai suka koma wasan yara: a Duke's Mayo Bowl a juye wa kocin da ya ci bokitin mayonis a ka, a Pop-Tarts Bowl a tura dodon talla cikin ƙaton injin gasa burodi, 'yan wasa su yagi abin da ya fito su ci. Abin da ake nunawa a labarai ke nan washegari. Tambayi mutum goma wa ya ci wasan.

Ina hukuma a duk wannan? Yawancin jami'o'in nan na gwamnatin jiha ne, harajina da naka yana ciki. A jihohi da dama babu ma'aikacin gwamnati da ya kai kocin ƙwallo albashi, ba gwamna ba, ba likita ba. Texas A&M ta kori Jimbo Fisher a 2023 da alkawarin biyansa sama da dala miliyan 75 don ya je ya zauna a gida, a ƙasar da malamar firamare ke sayen allin ajinta daga aljihunta. Kotun Ƙoli ta yi wa NCAA, hukumar wasannin jami'o'i, kaca-kaca tun 2021, alƙalai tara ba ko ɗaya da ya goyi bayanta, a shekarar aka buɗe wa 'yan wasa hanyar cin kuɗin sunansu, a 2025 jami'o'i suka fara biyansu kai tsaye. Kowa ya samu lauya, kowa ya samu rabonsa. 'Yan majalisa a Washington sun yi zaman jin bahasi har sun gaji, a ɗauki hoto, a watse. Ba wanda ya tashi ya ce in ka tallata mutum ka karɓi kuɗi, mutumin bai fito ba, ka mayar wa talaka canjinsa. A gidan dambe na ƙauyenmu, in aka yi shelar gwani bai zo ba, mai ƙofa ya san ba zai kwana da kuɗin nan lafiya ba. A nan ƙasar doka da oda kuwa, sai a nuna maka ƙananan rubutu a ƙasan waya.

Mu ma 'yan kallo da namu. Jama'ar da za ta kai ƙara kotu saboda shayi ya yi zafi, ita ce ke zaune cikin sanyi tana tafa wa mayonis.

Mun kai ƙarshen wasan don ƙaramin ya ce shi badujala yake so. Wani yaro ɗan ajin farko ne ya yi kwatabak, ya jefa wa abokan hamayya ƙwallo sau uku, har tausayi ya ba ni. Babban bai ce uffan ba har muka hau babbar hanya, can ya cire rigar ya cusa ƙarƙashin kujera, tana nan har yau ban taɓa ta ba. Shekaranjiya kuma saƙo ya shigo wayata daga masu wasan, wai in ba su tauraro ɗaya zuwa biyar kan yadda aka kula da ni, kuma in na yi sauri akwai rangwamen kashi goma a tikitin baɗi.