Kafin a ba mai ciki kafso, a gwada fitsarinta

Mai ciki ta ce tana jin zafin fitsari, nan take za a ce ai sanyi ne, a tura yaro kemis ya karɓo Ampiclox da Flagyl na kwana biyu, ta sha abu ya ɗan lafa, sauran kuma a jefa cikin durowa. Bayan wata guda ciwon ya dawo, a sake siyowa, wannan karon ko gezau.

Yawancin ciwon mafitsara ƙwayar E. coli ke kawo shi, kuma rabin magani ba ya kashe ta duka, masu taurin kan ne ke tsira su hayayyafa. Toh ita mai ciki dama magungunan da za ta iya sha kaɗan ne, Tetracycline na ɓata haƙoran jariri, Septrin ana gudunsa a farkon ciki, Cipro ma likitoci na kauce masa. In 'yan kaɗan ɗin da suka rage suka daina ci, ina za a dosa? Ciwon ya haura ƙoda, zazzaɓi mai zafi, naƙuda ta taso lokaci bai yi ba, a haifi bakwaini a rasa kwalbar saka shi.

Binciken da mujallar Lancet ta fitar a 2022 ya ce a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma yammacin Afirka ne abun ya fi ƙamari.

Ni dai ban ga laifin matan nan sosai ba. Gwajin da ake shuka fitsari a leb a ga wace ƙwaya ce kuma wane magani ke cin ta yana ɗaukar kwana biyu zuwa uku, ga kuɗin gwaji ga kuɗin adaidaita, alhali mai kemis yana bakin layi kuma har bashi yake bayarwa. Wa zai jira?

Shi ya sa nake ganin duk jihar da ke tutiyar awo kyauta ta saka wannan gwajin a ciki. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce a riƙa duba fitsarin masu ciki ko ba sa jin komai, don wata tana ɗauke da ƙwayar ba alama, in an gani a ba ta maganin kwana bakwai cif. Su kuma NAFDAC da hukumar masu harhaɗa magunguna su daina kawar da kai, ƙaramin kemis ba shi da lasisin sayar da irin waɗannan magunguna, kowa ya sani. Maigida kuma, dan Allah in an rubuta na kwana bakwai kar ka ce a ba ka na uku tukuna.