Dakarun daji ba za su raya mana itatuwa ba

Tun watan Mayun 2025 da Shugaba Bola Tinubu ya amince a ɗauki dakarun da za su tsare gandayen daji 1,129 na Najeriya, sai maganar daji ta koma maganar bindiga zalla. Mutum nawa za a ɗauka, wane makami za su riƙe, wa zai biya su. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake ɗaukar wannan mataki tamkar shi ne manufar gandun dajin da aka daɗe ana jira. Masu cewa sai an kori 'yan bindiga daga Rugu da Kamuku da Sambisa kafin a yi zancen itace sun manta cewa dazukan sun fara lalacewa tun kafin ɗan bindiga na farko ya kafa sansani a cikinsu.

Kuma yankin nan ya riga ya gwada tsaron itace da kaki, ya ga sakamakonsa. Dokar da Faransa ta kafa wa ƙasashen rainonta na Afirka ta Yamma a 1935 ta danƙa dazuka da manyan itatuwa a hannun hukuma, gwamnatocin bayan 'yanci kuma suka gaje ta. Manomi yana da gona, amma gawon da ke tsakiyarta ba nasa ba ne. Ya sare reshe, malamin daji ya ci shi tara. To wane mai hankali ne zai bar tsiro ya girma a gonarsa, alhali ya san rigima yake reno? Da zarar toho ya leƙo daga kututture, sai a sa masa gatari tun jami'i bai gani ba. A Mali an tsananta wannan doka a 1986 zamanin Musa Traore, tarar ta yi wa mutanen karkara nauyi har ta kai lokacin boren 1991 ma'aikatan gandun daji na cikin waɗanda jama'a suka huce haushinsu a kansu. Sai a 1995 aka sassauta dokar.

A dubi Nijar kuwa. Daga wajen 1983, a yankin Maraɗi, manoma suka rungumi sassaben zamani. Aikin ba wani mai wuya ba ne. In kututture ya yi toho goma, manomi ya zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran, ya kare su daga dabbobi shekara biyu zuwa uku. Saiwar tana nan a ƙasa da ranta tun fil azal, ba ta bukatar ban ruwa, ba ta bukatar leda. Abin da ya sa aikin ya bazu zuwa Zinder da Tahoua shi ne hannun hukuma ya yi sanyi a karkara, manoma suka fara jin cewa itacen da suka raya nasu ne. Masu bincike sun ƙiyasta kadada miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 da suka dawo ta wannan hanya. Daga baya doka ta biyo sahu, har gwamnatin Nijar ta fitar da ƙuduri a 2020 da ya tabbatar wa manomi haƙƙin itatuwan da ya raya.

A gwada wannan da shirin Babbar Koriyar Ganuwa na dasa itatuwa don tare hamada, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 domin ƙasashe 11 daga Senegal zuwa Jibuti, da burin farfaɗo da kadada miliyan 100 kafin 2030. Rahoton 2020 ya nuna kadada miliyan 4 kacal aka gyara a zirin da aka shata. Amsar ministoci ita ce kuɗi bai isa ba, aka je Paris a Janairun 2021 aka yi alkawarin fiye da dala biliyan 14. Ni ban yarda kuɗi ne tushen matsalar ba. Dashen da aka yi a filin da ba na kowa ba, ranar bikin kawai ake tunawa da shi, kafin damina ta zagayo awaki da rani sun gama da shi.

Babbar satar dazukanmu kuwa da takarda mai hatimi ake yin ta, kuma nan ne zancen dakaru ya fi ba ni haushi. Madobiya ce shaida. Da kasuwar katakonta ta buɗe a Sin, sai masu injin sara suka bi yankin ƙasa bayan ƙasa. Gumaguman da aka sare a Kasamans ta Senegal suka riƙa fita ta tashar Banjul. Ghana ta yi ta kafa haramci tana ɗagewa. Da aka matsa a can, kasuwar ta sauka Najeriya, Taraba ta ɗanɗana kuɗarta, sannan ta zarce Saliyo da Mali. A 2017 ƙungiyar bincike ta EIA ta ba da rahoton cewa an sa hannu kan dubban takardun izini a Najeriya bayan katakon ya riga ya isa Sin. Yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin dabbobin daji da tsirran da ke fuskantar ɓacewa tsakanin ƙasashe, ta dakatar da cinikin madobiyar Najeriya a 2018, ta faɗaɗa matakin ga sauran ƙasashen a 2022. Wane dogarin daji ne zai tare kwantenar da ofis ya riga ya ba izini?

ECOWAS ta amince da tsarin bai ɗaya na kula da dazuka tun 2013, domin haramcin ƙasa guda ya daina zama ribar maƙwabciyarta. Bai yi haƙori ba, yanzu kuma Mali da Burkina Faso da Nijar sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. A cikin gida ma haka abin yake. Najeriya ta sabunta manufarta ta gandun daji a 2020, amma dokar filaye ta 1978 ta bar ƙasa a hannun gwamnoni, jihohi da yawa kuma suna kallon daji a matsayin wurin tara haraji da filin rabo.

A ɗauki dakarun idan don 'yan bindiga ne, amma kada a sake ba su littafin tara su shiga gonakin mutane. Majalisun jihohi su rubuta a doka cewa itacen da manomi ya raya mallakarsa ne, ya yi sassabe, ya sayar da itacen girki ba tare da neman takarda ba. Ƙauyukan da ke gefen gandu a ba su rabo bayyananne daga abin da dajin ke samarwa, makiyaya kuma a zauna da su tun farko kan burtali. Hukumomin kwastan na yankin, har da na ƙasashen da suka bar ECOWAS, su riƙa wallafa kowane izinin fitar da katako da sunan jami'in da ya sa masa hannu.